Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga National Trust Da Cadw Kan Katangar Penrhyn Da Ƙofofinta

Ya ku shugabannin National Trust reshen Wales, ƙungiyar adana gidaje da wuraren tarihi da ke riƙe da Fadar Penrhyn, da shugabannin Cadw, hukumar da ke kula da kayan tarihi a ƙarƙashin gwamnatin Wales,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na rubuto muku ne a kan katangar da ta kewaye gandun Fadar Penrhyn a Llandygai, gab da birnin Bangor, da babban zauren ƙofarta, da ginshiƙan ƙananan ƙofofin da ke jikinta. Buƙatata biyu ce, kuma ɗaya ba ta rabuwa da ɗaya. A ba katangar nan irin kulawar da ake ba ita kanta fadar. Sannan a fito da labarin mutanen da guminsu ya biya kuɗin gininta zuwa bakin ƙofa, ta waje, inda mai wucewa zai karanta ba sai ya sayi tikiti ba. Ni Bakano ne mazaunin wannan yanki, na kuma zaɓi in yi rubutun da Hausa domin 'yan uwana ɗalibai da ma'aikata da ke bi ta gindin katangar nan kullum su san abin da suke wucewa, su kuma sa baki idan sun ga dacewar hakan.

Mai zuwa ziyara fadar yake ɗoki. Yana so ya ga hasumiyar nan da Thomas Hopper ya zana da salon gine-ginen Normawa, da manyan ɗakuna, da gadon dutse mai nauyin kusan tan guda da aka yi saboda ziyarar Sarauniya Victoria ta 1859. Amma wanda yake kan titin da ya tashi daga Llandygai zuwa Bangor, wato wani yanki na hanyar Holyhead da Thomas Telford ya gina, ba fada yake gani ba. Katanga yake gani, wadda ta fi tsayin mutum, an jera mata fallayen dutsen silet (dutsen da ake fasawa falle-falle don rufin gida) a ka, tana tafe da shi kamar ba za ta ƙare ba. Tsawonta ya kai mil bakwai, wajen kilomita 11, an kuma gina ta wajen 1820, a lokacin da mai gandun, George Hay Dawkins-Pennant, ya fara aikin sabuwar fadar. Shekara ɗari biyu ke nan, mafi yawan mutanen garuruwan da ke kewaye, Bethesda da Tregarth da Llanllechid, abin da suka sani da sunan Penrhyn shi ne wannan katanga da ƙofar da ke rufe. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin abin da ke bayanta. Saboda haka a wurina katangar ba kayan rakiyar fadar ba ce. Ita ce ɓangaren ginin da talaka ya zauna da shi, ita ce kuma ya kamata ta fara magana.

Kun fi ni sanin inda kuɗin ya fito, amma bari in faɗa domin masu karatu. Tun a ƙarni na 17 wani mutum mai suna Gifford Pennant ya tafi Jamaika ya mallaki filaye a yankin Clarendon, zuriyarsa suka yi arziki da noman rake da hannun bayi 'yan Afirka. Har yau akwai gari a can da ake kira Pennants. Richard Pennant, wanda ya zama Lord Penrhyn na farko, ya auri magajiyar rabin gandun Penrhyn a 1765, ya sayi ragowar rabin, ya zuba ribar sukari a mahaƙar dutsen silet ta Bethesda, ya gina tashar jirgin ruwa ta Port Penrhyn da hanyar dogon da ke kai dutse can. Ya wakilci Liverpool a majalisar dokoki, ya kuma tsaya a cikinta yana kare cinikin bayi a lokacin da ake ƙoƙarin hana shi. Bai taɓa taka ƙasar Jamaika ba. Ta wasiƙa yake tafiyar da rayuwar mutane kusan 1,000 da ke gonakinsa huɗu. Da ya rasu a 1808 dukiyar ta koma hannun ɗan uwansa Dawkins-Pennant, shi ne mai katangar.

Akwai wani abu da ake yawan cakuɗawa, ina so in warware shi, domin idan za a rubuta labari a bakin ƙofa to ya zama daidai. Bayan dokar soke bauta ta 1833, gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, su bayin ba a ba su ko kwabo ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Dawkins-Pennant ya karɓi fam 14,683 a kan mutum 764. Idan aka raba, kowane rai bai kai fam 20 ba. Sai dai katangar ta riga wannan diyya zuwa da fiye da shekara goma. Ke nan ba kuɗin diyya ne ya gina ta ba. An gina ta ne a daidai lokacin da waɗannan mutane suke cikin ƙangi, suna saran rake, suna tsaye gaban tukwanen dafa sukari dare da rana, ribar tana zuwa Wales shekara bayan shekara tana haɗuwa da ribar dutse. Wannan ya fi nauyi a wurina. Magini yana ɗora dutse a Llandygai, a ranar nan kuma ana kaɗa mutane zuwa gona a Clarendon, aljihu ɗaya ne ke biyan wancan yana tatsar wannan.

Mutanen nan suna da sunaye, kuma sunayen ba su ɓata ba. Daga 1817 doka ta wajabta wa masu bayi a Jamaika su riƙa miƙa rajista, da suna da shekaru da bayanin ko an haifi mutum a Afirka ko a tsibirin, kundayen kuma suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew. Takardun gidan Penrhyn, har da na gonakin Jamaika, suna ajiye a Jami'ar Bangor, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar fadar. Masu bincike na jami'ar UCL da ke Landan sun riga sun fito da bayanan diyyar a intanet kowa na iya dubawa. Aikin tono ya yi nisa. Abin da ya rage shi ne a kawo shi inda ido zai gani.

Da yawa daga cikin waɗanda aka kai Jamaika daga gaɓar Bonny da Kalaba da gaɓar ƙasar Gana ta yau aka ɗebe su, jiragen Liverpool kuma suna kan gaba a wannan fatauci. A cikinsu akwai waɗanda aka kamo daga can cikin ƙasa. Abubakar Siddiƙu, haifaffen Timbuktu, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a Jamaika aka kuma 'yanta shi a 1834, ya ambaci Katsina da Barno a matsayin ƙasashen dangin mahaifiyarsa. Ba a gonar Pennant ya yi bauta ba, amma labarinsa ya isa ya nuna wa Bahaushe cewa maganar Jamaika ba maganar wasu can ba ce. Ba kuma ina magana da bakin wanda ƙasarsa ba ta san bauta ba. Muna da rinji da gandun sarauta da bayi suka noma, doka ba ta kawo ƙarshen bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya ba sai 1936, mu ma akwai bashin faɗin gaskiya a kanmu. Wannan ne ma ya sa nake ɗaukar lamarin da muhimmanci.

Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin yana Bethesda, mil kaɗan daga ƙofar. Ran 22 ga Nuwamba 1900 masu fasa dutse kimanin 2,800 suka fice daga mahaƙar Penrhyn, rikicin da ya ɗauki shekara uku cur, wanda ake lissafawa a matsayin mafi tsawo a tarihin ƙwadagon Birtaniya. Lord Penrhyn na lokacin, George Sholto Douglas-Pennant, da manajansa E. A. Young sun ƙi yarda ƙungiyar ma'aikata ta tsaya tsakaninsu da leburori. Aka kawo sojoji garin. A watan Yunin 1901 aka sake buɗe mahaƙar, 'yan ɗaruruwan da suka koma aiki aka ba kowannensu fam guda na zinariya, garin ya dare gida biyu. Iyalan da suka tsaya kan yajin suka liƙa kati a taga ɗauke da rubutu da harshen Wales cewa babu maci amana a wannan gida. Yunwa ta shiga, magidanta da yawa suka yi ƙaura zuwa mahaƙan kwal na kudancin Wales, wasu ba su dawo ba. 'Yan uwa na jini suka daina gaisawa, har a majami'u aka rabu. Sanannen abu ne cewa har yanzu akwai zuriyar waɗannan mutane da ba sa taka ƙafarsu cikin fadar, ko da yake tun 1951 ta bar hannun iyalin ta koma hannun National Trust a madadin harajin gado.

To ku duba wannan da kyau. Na yaba da cewa kun fara ba da labarin sukari da na yajin aiki a cikin fadar, na kuma yaba da rahoton National Trust na Satumbar 2020 da ya lissafa wurare 93 masu alaƙa da bauta da mulkin mallaka, da yadda kuka daure wa sukar da ta biyo baya har hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bayyana a 2021 cewa ba ku saɓa doka ba. Amma labarin da ke cikin gida, wanda ya shiga ne kaɗai yake samunsa. Jikan mai yajin aiki da ya yi wa kakansa alkawarin ba zai shiga ba, ba zai gani ba. Ɗalibin da ya zo daga Kingston ko Kano yana lissafin kuɗin haya, da wuya ya ware kuɗin tikiti. Direban bas da ke wucewa sau da yawa a yini ba zai gani ba. Mutanen da labarin ya fi shafa su ne a waje, kamar yadda kakanninsu suka kasance a waje.

Shi ya sa nake roƙon a kafa fallen dutsen silet a wajen babban zauren Llandygai, a gefen da jama'a ke bi, a sassaƙa masa rubutu da harshen Wales da Ingilishi. Ba na cewa a huda katangar ko a manna mata wani abu. Gini ne da doka ta kare, ya kamata a bar jikinsa yadda yake. Dutsen ya tsaya da kansa. Ya faɗi lokacin da aka yi ginin, da wanda ya sa aka yi, da inda kuɗin ya fito, ba tare da zagi ba kuma ba tare da kwaskwarima ba. A sa sunayen da rajistar Jamaika ta adana gwargwadon yadda za su samu wuri. Sassaƙa haruffa a kan silet sana'a ce da mutanen wannan yanki suka gada, duk wanda ya shiga maƙabartunsu ya ga hannunsu, don haka a ba masu sassaƙa na gida aikin. Game da ɓangaren yajin aiki kuwa, kada a rubuta ko kalma ɗaya sai an zauna da mutanen Bethesda. Mai yiwuwa wasunsu su ce ba sa son sunan kakanninsu kusa da ƙofar Penrhyn ko kaɗan, kuma idan sun faɗi haka, haƙƙinsu ne, a girmama. Haka nan a nemi mutanen Clarendon a ji ta bakinsu kafin a ɗora sunayen kakanninsu a kan dutse a wata ƙasa.

Akwai masu ganin gini irin wannan bai cancanci a kashe masa ko sisi ba, a bar shi ya zube, ko ma a taimaka masa ya zube, kamar yadda aka tuge gunkin Edward Colston, mai fataucin bayi, a Bristol a 2020. Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Gunki an kafa shi ne don yabo. Katanga shaida ce. Tsawonta da tsayinta su ne ke gaya wa mutum yawan dukiyar da aka tara da kuma nisan da aka sa tsakanin mai ita da masu yi masa aiki, kuma babu littafin da zai sa ka ji wannan a jikinka kamar ka bi gindinta da ƙafa. Ban da haka, hannun maginan wannan yanki ne ya ɗora ta, aikinsu ne, mai kyau kuwa. A sauran sassan Birtaniya an yi masu gidaje da suka tashi ƙauye sukutum don su faɗaɗa gandu su kewaye shi, kamar Nuneham Courtenay da Milton Abbas a ƙarni na 18. Inda katanga da ginshiƙan ƙofa suka ɓace, iyakar da aka shata wa talaka ita ma ta ɓace daga ido, sai a ga kamar dama can haka ƙasar take.

Na san yadda katanga take mutuwa, domin na taso ina kallon badalar Kano. Ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tun ƙarni na 12 ba rana ɗaya aka yanke hukuncin kashe ta ba. Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi gini, wancan ya kafa shago, damina ta ci nata, shara ta rufe sauran. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Kowa yana cewa ai akwai saura, har aka wayi gari saurar ta zama 'yan tuddai nan da can. Ba na cewa katangar Penrhyn ta kama wannan hanya. Ina cewa ne dogon gini da ke bakin iyaka, wanda ba ya kawo kuɗin shiga kuma ba a hannun mutum ɗaya yake ba, shi ne kullum ake barin gyaransa sai baɗi.

Abin da ke cin irin wannan katanga sananne ne ga duk magini. Da zarar fallen da ke kanta ya goce ko aka sace shi, ruwa ya samu hanyar shiga cikinta, a nan kuwa ruwan sama ba ya hutawa. Sanyi ya zo ruwan ya daskare ya kumbura, ya ture duwatsun daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsiro mai yaɗo ya cusa saiwarsa, itacen da ya girma a gindi ya ɗaga harsashi. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin hunturu yana fantsama ya ci ƙasan ginin. Mafi ɓarna kuma shi ne gyaran gaggawa da siminti. An ɗora duwatsun nan ne da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda yake barin danshi ya fita, yake kuma ba gini damar motsawa kaɗan ba tare da ya fashe ba. Siminti ya fi dutsen taurin kai, yana kulle ruwa a ciki, bayan 'yan shekaru sai ka ga fuskar dutsen tana ɓarewa, simintin yana nan daram. Su kuwa ginshiƙan ƙofa matsalarsu daban ce. An yi su ne daidai faɗin keken doki da amalanke, yanzu tarakta da babbar mota ke bi, gefe ɗaya ya sha karo ginshiƙi ya karkace. Ƙarfen da aka dasa a cikin dutse don riƙe ƙyaure yana tsatsa, tsatsar ta kumbura ta tsaga dutsen gida biyu. Idan ginshiƙi ya faɗi, abu mafi sauƙi shi ne a kwashe duwatsun a faɗaɗa hanya a kafa ƙarfe, shi ke nan an yi asarar da ba ta dawowa. Birtaniya ta riga ta rasa ƙyamaren ƙarfe da shingaye masu yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka bi gari-gari ana yanke su da sunan kayan yaƙi. Ginshiƙan da suka saura tsaye su ne kaɗai ke nuna inda ƙofa take.

Katangar ba duka take hannun National Trust ba, babban ɓangaren gandun yana tare da iyalin har yanzu. A nan ne Cadw take da rawar takawa, domin ita ce ke riƙe da rajistar gine-gine da lambunan tarihi, ita ce kuma za ta iya tara masu mallaka da majalisar Gwynedd, wato ƙaramar hukumar yankin, a teburi ɗaya. Tun Yulin 2021 UNESCO ta sa yankin silet na arewa maso yammacin Wales cikin wuraren tarihi na duniya, Penrhyn kuma yana ciki, daga mahaƙa har tashar ruwa. Wannan matsayi nauyi ne a kan kowa. An kuma ga cewa zama da masu gandun yana haifar da ɗa mai ido: shekara da shekaru hanyar masu tafiya da ƙafa ta gaɓar tekun Wales tana kauce wa gandun ta bi ta cikin ƙasa, sai a 'yan shekarun nan aka cimma yarjejeniya aka buɗe wani yanki da ya ratsa ta cikinsa daga Port Penrhyn. Idan an iya wannan, za a iya zama a kan katangar.

Ina roƙon a bi ta daga farko har ƙarshe a duba lafiyarta, taki bayan taki, da kowace ƙofa da ginshiƙanta, har ƙananan da ma'aikatan gona ke bi, a kuma wallafa sakamakon inda kowa zai gani. A amince da ƙa'idar gyara guda ɗaya da za ta hau kan kowane mai mallaka, wadda ta hana siminti ta kuma wajabta mayar da fallen silet irin na asali. Aikin gyaran mil bakwai ba ya ƙarewa, saboda haka makaranta ce a tsaye: a ɗauki matasan Bethesda da unguwar Maesgeirchen ta Bangor a koya musu ginin dutse da farar ƙasa a jikinta, a biya su albashi na mutunci. Kada kuma a manta da shingayen nan na tsayayyun fallayen silet da aka ɗaure da waya, waɗanda masu fasa dutse suka kewaye 'yan filayensu da su a Mynydd Llandygai da kewaye. Dutse ɗaya ne da na kan katangar Lord, daga rami ɗaya, kuma sun fi ta saurin ɓacewa.

Ga 'yan uwana da ke karatu ko aiki a Bangor, da duk wanda yake riƙe da katin zama mamba na National Trust: mamba yana da ƙuri'a a babban taron shekara, yana kuma da damar rubuta wa shugabanni. Ku rubuta musu, da sunanku, ku nemi a sa maganar dutsen bakin ƙofa da ta binciken katangar cikin abin da za a tattauna. Ku kuma, ya shugabanni, ina fatan za ku ba da amsa a fili, ku faɗi wanda zai kira taron farko da kuma lokacin da za a yi shi.

Na gode da sauraro.

Naku,
Wani Bakano mazaunin Bangor